Ja da Yalo

In marka ta kama a ƙauyenmu na gabashin Dambatta, gero ya rufe burtali har mutum ba ya hango rumbun maƙwabcinsa, ruwan rijiya sai ya koma kalar kunu, ya riƙa warin laka da ruɓaɓɓen ganye, mu kuwa mu tsoma moɗa a randa mu sha, in ƙishi ya matsa a gona ma mu durƙusa bakin kududdufi mu kore gansakuka da hannu. Daga nan ciki yake fara kuka. Kusan kowane gida akwai mai zarya bayan danga da buta.

Mai tallan magani ranar Lahadi yake biyowa ta wajenmu, in ya taso daga kasuwar Dambatta, da faranti ɗaure a bayan keke, ƙwayoyin sun wuni suna shan rana cikin leda. Tun daga nesa nake gane ƙararrawarsa. Babu mai tambayar sunan magani, kala ake faɗa: a ba ni ja da yalo na sule. Ya ƙirga biyu ko uku ya naɗe a yagaggiyar takarda. Har yau ina mamakin yaron nan, wato ni, da yake rugawa gida da ƙullin a tafin hannu, yana jin kamar lafiyar gidan gaba ɗaya ya ɗauko. Ya yarda da wannan kala ƙwarai.

Iya, kakata, ita ce ma'ajin magani. Tana da gwangwanin alewa mai tsatsa a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwan biki, in ta buɗe sai warin kanumfari da kafur da wani ɗaci-ɗaci su taso tare. Duk wanda ya ji sauƙi, ragowar ƙwayarsa can take zuwa, ta shekara tana jiran na gaba. Jariri ma in ya yi zawo, ta ɓare kafson ta zazzage garin nan mai ruwan ɗorawa a ludayi, ta dama da nono ta ɗura masa. Da ƙauna take yi, Allah ya ji ƙanta. Sai da na girma na san sunansa Tetracycline, na san nono da fura suna riƙe shi a ciki su hana shi shiga jini, na san ba a ba mai juna biyu ko yaron da bai kai shekara 8 ba, kuma wanda ya tsufa a ajiya yana iya taɓa ƙoda. Nan na gane dalilin da haƙoran ɗan baffana suka fito da dafin toka-toka wanda asuwaki bai taɓa fitarwa ba.

Shekarar da atuni ya kama ni, jiƙon bagaruwa bai yi ba, ganyen gwaiba bai yi ba, ja da yalo ma bai yi ba. Majina da jini, da murɗa mai sa mutum ya rungumi turmi. Baba ya ɗora ni a kan Raleigh, ya ɗaure ni da rawaninsa don kada in zame, muka bi ta ƙarƙashin gawo da rimaye zuwa asibitin sha-ka-tafi. Warin Izal ya tarye mu tun daga ƙofa. Malamin asibitin, wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare, ya daɗe yana tambaya, kwana nawa, akwai jini, akwai zazzaɓi, me aka ba shi a gida, kafin ya ɗauko Flagyl ya ƙirga cikin ɗan ambulan. Ya ja layi uku a bayansa.

"Malam, ɗaya da asuba, ɗaya da azahar, ɗaya bayan isha'i in za a kwanta, da ɗan abinci a cikinsa. Ko ya miƙe yana tsalle gobe, sai ya shanye. Kada a raba da kowa."

Ɗacin ƙwayar nan na dabam ne, yana barin ɗanɗanon ƙarfe a harshe, har tuwo ya ƙi daɗi, fitsari kuma ya yi duhu. Inna ta firgita, Baba ya ce an riga an faɗa masa haka zai yi. A gefe kuma ga ruwan gishiri da sukari, wanda rediyo ta dame mu da shi tun da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya zama ministan lafiya a 1985. Inna takan tafasa ruwa ta bar shi ya huce, ta auna da kwalbar lemo, ta shafe bakin cokali da yatsa don kada gishiri ya yi tozo.

Da na fara neman ɗumame da safe, Iya ta miƙo hannu a ba ta sauran ta adana. "Angona ya warke, a bar wa wani." Inna, wadda ban taɓa jin ta musa wa surukarta ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ki yi haƙuri, malam ya ce a shanye." Aka shanye.

Septrin da ampisilin da muke ji da su a da, yanzu sau da yawa ƙwayoyin cutar atuni ba sa jin su, likitoci sun koma kan Ciprofloxacin, shi ma ga shi ana sayar da shi bibbiyu a tasha. Abin yana ci mini rai.

Kwanan baya jikata ta yi gudawa, ruwa zalla babu jini, likita ta ce irin wannan yawanci ba ya son maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ba da ORS da zinc na kwana 10, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar tun 2004, ta ce in an ga jini ko yarinya ta ƙi shan ruwa a dawo nan take. Uwarta ta fito tana mitar an sallame su hannu rabbana, tana shirin biyawa kemis. Na karɓi ledar na ce ta wuce gida, ni zan riƙe lissafin kwanakin.