Daga Maraɗi Zuwa Filato: Rakiyar Manjo Neman Ƙarin Karatu

Yayata manjo ce, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wata cibiyar lafiya ta CSI a karkarar Maraɗi. Da kaka ta yi, zazzaɓin cizon sauro ya lafa, sai ta karɓi hutu ta ce in raka ta Yamai. Tana so ta ji da kunnenta irin ƙarin karatun da ke buɗe ga mai aikin jinya da ya riga ya yi lisans. Muka yi sammako zuwa tasha, mota ta tashi bayan sallar asuba, muka miƙi babbar hanyar yamma, tafiyar da ta haura kilomita 600.

Tibiri da Gidan Rumji a duhu muka wuce su. A Galmi buhunan albasa sun yi layi a bakin titi, ga kuma asibitin mishan da ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Ni kasuwa nake kallo, ita kuwa Yaya idonta na kan gidajen likita. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ta nuna mini gini mai faifan sola a rufi, ta ce na firijin allurar rigakafi ne. Ta jera mini matakan: a ƙasa akwai ɗakunan lafiya na ƙauye, waɗanda aka yawaita a shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou daga 2001; sama da su CSI; sai asibitin gunduma, asibitin jiha, sannan manyan asibitocin ƙasa. Ƙasarmu ba ta kai ma'aunin likita ɗaya ga mutum dubu goma ba, kuma mafi yawan likitocin suna birane. Saboda haka a mafi yawan CSI, manjo ne ke duba marar lafiya, ya gano cutar, ya rubuta magani, ya yanke shawarar wanda za a tura gaba.

A Birnin Ƙonni wata mata ta shigo da yaro ɗan wata tara, yana tari. Ba mu yi nisa ba Yaya ta matsa kusa da ita ta ce, "Baiwar Allah, kwana nawa yana wannan tarin?" Ta ce uku. Yaya ta ɗage rigar yaron, ta kunna agogon salularta, ta zuba wa cikinsa ido minti guda cur tana ƙirga numfashi, leɓenta na motsi. Ta dubi ƙasan haƙarƙarinsa, ta ga yana lotsawa duk sanda ya ja iska. Ta buɗe tafin hannunsa ta duba ko ya yi fari. Daga nan ta ce wa uwar, cikin taushin murya, kada ta jira sai Yamai, ta sauka a Dogon Dutsi ta kai shi asibiti yanzu. Matar ta sauka. Na ce, "Yaya, me kika gani?" Ta ce yaron da ya kai wata biyu amma bai cika shekara ba, in numfashinsa ya kai 50 a minti, ana zargin ciwon huhu, kuma wannan ya wuce haka. Ba ta da abin sauraron ƙirji a hannu, ido da agogo kawai ta yi aiki da su.

Muka wuce Doso da Birnin Gaure, muka ratsa dajin Kure inda raƙuman dawa suke, muka shiga Yamai da la'asar sakaliya.

Washegari muka hau tasi zuwa unguwar Filato. Faransawa ne suka shata ta bayan sun ɗauke hedkwatar mulki daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Kwarin Gunti Yena ya raba ta da tsohon gari, titunanta masu faɗi ne, da inuwar dogon yaro, ga ma'aikatun gwamnati da fadar shugaban ƙasa. A gefenta, wajen kogi, babban asibitin ƙasa yake. A bakin ƙofarsa 'yan jinya sun shimfiɗa tabarmi da kulolin abinci da butoci, ana jin Zabarmanci da Hausa da Fulatanci. Ɗalibai masu fararen riguna suna shiga sitaj rukuni-rukuni. Yaya ta tsaya tana kallonsu, ta ce da yawansu 'yan makarantar kiwon lafiya ta ENSP ne, wadda ke ɗauke da sunan Damure Zika, mai jinyar nan da ya yi fina-finai tare da Jean Rouch, ya rasu a 2009. Ita a takwararta ta Damagaram ta yi karatu.

A wani ofishi wani dattijo ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya jera mata hanyoyin da za ta iya bi: aikin sa barci a ɗakin tiyata, taimakon likitan fiɗa, kiwon lafiyar al'umma, koyarwa, ko shugabancin ma'aikata. Yaya ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Baba, ni so nake in ƙara sanin aikin da nake yi, in koma inda nake." Dattijon ya jinjina kai, ya ce tambayar tata tana kan hanya.

Da muka fito muka zauna wajen mai shayi, ta ciro wani littafi daga jakarta, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Littafin SPT ne, jagoran da ke ɗaukar ma'aikaci daga koken marar lafiya zuwa magani, mataki-mataki. Ta ce littafin ya ceci rayuka masu yawa, amma akwai inda yake tsayawa. Tsoho mai hawan jini da ciwon suga a lokaci ɗaya, ƙafarsa ta kumbura, mota kuma ba ta shiga ƙauyensu da damina, wannan sai da ilimi mai zurfi. Tun da aka mai da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, layin CSI ya ƙaru. Ga awon ciki, ga tamowa, ga rabon maganin rigakafin zazzaɓi gida-gida kowace damina. Aikin yana ta girma, amma yawancin tsanin ƙarin karatu yana fitar da gwani daga ɗakin duba marasa lafiya, ya kai shi ɗakin tiyata a birni ko bayan tebur.

Wasu ƙasashe sun taɓa tsayawa a wannan mararraba. A Amurka, a 1965, wata malamar jinya mai suna Loretta Ford da likitan yara Henry Silver suka buɗe horo a Jami'ar Kolorado don ma'aikatan jinya su iya duba yara da kansu a wuraren da likita ya yi ƙaranci. Yau karatun ya kai matakin masta da dakta, kuma masu shi suna gano cuta su rubuta magani da izinin doka. Botsuwana ma ta daɗe da horar da masu jinyar iyali don asibitocin karkara. Mu a nan aikin ya riga takardar zuwa, domin manjojinmu sun daɗe suna yin sa. Abin da ya rage shi ne a ba su karatun da ya dace da nauyin: masta ta shekara biyu a kan duba marar lafiya, sanin magunguna da cututtuka masu daɗewa, da sitaj a asibitin gunduma, sannan matsayi da albashin da za su sa mutum ya koma ƙauye ba tare da ya ji an rage shi ba. Tsangayar lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni tana can hayin kogi, ga ENSP, ga asibitocin koyarwa. Malamai da wuraren horo duk suna cikin gari ɗaya.

Da yamma muka gangara gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, muka kalli masu kwale-kwale suna komawa gida. Na tambayi Yaya wace hanya za ta zaɓa. Ta ce za ta nemi kiwon lafiyar al'umma, tunda ita ce mafi kusa da mutanenta, kuma in Allah ya sa ta gama, CSI za ta roƙa a mai da ita. Ta ce, "Ƙanena, kai da kake rubutu, ka rubuta wa masu ofisoshin Filato cewa mutum dubbai ne ba su da wani likita sai mu. Su koya mana sosai, mu za mu zauna."