DAGA JANKARA ZUWA AGEGE: IKKON DA ƊAN MASANI YA SANI

Duk Bahaushen da ya sauka Ikko, da wuya ya koma gida bai taka Agege ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fataken goro suka riƙa sauka a nan, suna ɗaure huhu suna aikawa Arewa, har zango ya zama gari, da Sarkin Hausawa da masallatai da makarantun allo. Yau za ka tarar da jikokinsu suna ciniki da Yarbanci, in sun shiga gida su koma Hausa.

In ka ƙetare gada zuwa tsibiri, kusa da Idumota, sai ka iske Jankara, wadda tun da can aka san kasuwarta da sayar da kayan gwanjo da itatuwan magani. Can gaba kuma ga Obalende, wata tsohuwar matattarar mutanen Arewa.

A wannan birni ne Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya yi aikin Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki daga 1959 zuwa 1966. Malamin makaranta ne da fari, ga fasahar magana, ga son kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo, bai kuwa taɓa ɗaukar wannan abin kunya ba. A 1976 aka naɗa shi Kwamishinan Sauraron Koke-koken Jama'a na Tarayya. A 1981 Shugaba Shehu Shagari ya tura shi Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu. Allah ya yi masa rasuwa a Alƙahira ran 3 ga Yuli, 2017.

Wani zai ce me ya haɗa rawa da sulhu? Wanda ya ga bikin FESTAC na 1977 ya san amsa. Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, baƙar fata daga ƙasashe fiye da 50 suka hallara a babban gidan wasa na Iganmu, kowa da gangarsa, kowa ya tsaya ya kalli ta ɗan'uwansa. Wanda ka tafa wa jiya, da wuya ka zare masa wuƙa yau.

Amma Ikko ta ga ranakun baƙin ciki. An yi tashin hankali tsakanin Hausawa da Yarbawa a Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, aka rasa rayuka da dukiya mai yawa, kasuwanni suka tsaya cik. In kasuwa ta ƙone, ba a zancen arziki.

Don haka, jama'a, ya kamata sarakunan Hausawa da Obobin Yarbawa su riƙa gayyatar juna bukukuwa, kalangu ya haɗu da gangar Yarbawa a fili ɗaya, yara su tashi sun saba da juna. Zaman lafiya, in ji Hausawa, ya fi zama ɗan sarki.