Gurasar Unguwar Jakara

A hutun makaranta ni da maiɗakina muka ziyarci birnin Kano. Da sassafe ƙanshin gurasa ya ja mu har Jakara, kusa da kasuwar Kurmi wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa. Na tsaya a zauren wani gida, ita ta yi sallama ta shiga, gabanta na faɗuwa, gama mu baƙi ne, Kirista kuma. Wa zai ba baƙo sirrin sana'arsa?

Ashe tsohuwar da ta tarar a bakin tanderu ba ta da rowa. Ta ce mata, "Zauna, 'yata. Ki kwaɓa garin alkama da yis da ɗan gishiri, ki rufe sai ya tashi. In tanderu ya yi zafi ki manna ƙullin a jikinsa. Da ya yi ja ki ɓamɓare."

Muka karya kumallo da ita, da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa. Maiɗakina kuwa ta koya mata kek ɗin Kirsimeti da matanmu ke gasawa cikin tukunya bisa yashi mai zafi.

Mai karatu, abin kirkin da ke hannunka, kada ka hana maƙwabcinka. Ubangiji ya taimake mu.