Injin Burodi da Hannun Uwargida

Ƴan'uwa, a shekarun nan wani baƙo ya shiga jerin kayan ɗakin amare a Maraɗi da Damagaram da Yamai: injin kwaɓa fulawa mai ƙaton kwano, da ɗan'uwansa wanda ake zuba wa gari da ruwa da yis, ya fito da burodi gasasshe. Mun ga iyayen da suka ci bashi don kada a ce ɗakin ɗiyarsu ya rasa shi. Wannan ya sa muka tsaya muka tambayi kanmu ko kuɗin da ake zubawa yana dawowa.

Injin gasa burodi na gida a ƙasar Japan aka ƙera shi a shekarar 1986, domin gidan da mutanensa ba su da yawa, kuma wutar lantarki ba ta ɗaukewa. Yakan yi awa 3 zuwa 4 kafin ya ba da burodi guda ɗaya tak. A gidanmu da ake zama mutum goma a kan tabarma, ga almajiri a bakin ƙofa, burodi guda ɗaya bai kai ko'ina ba. Idan kuwa wuta ta ɗauke ana tsakar gashi, an yi asarar gari da mai da sukari gaba ɗaya. Ba mu manta da shekarar 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar har tsawon watanni. Injunan da aka saya da tsada sun kwana a saman kabad, ƙura tana rufe su, alhali masu gurasa ba su fasa hura tanderu ba ko rana ɗaya.

Abin da injin kwaɓi yake yi kuwa, hannu yana yin sa. Murza ƙullu yana sa garin alkama ya yi danƙo, danƙon nan ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har ƙullu ya tashi. Minti goma na murza ya isa. Wadda hannunta ke ciwo ma tana da mafita: ta ƙara ruwa, ta rage yis, ta rufe kwano ta bar shi ya kwana a wuri mai sanyi, danƙon zai samu da kansa. A shekarar 2006 wata jaridar Amurka ta yayata wannan dabara daga wani mai gidan burodi, Jim Lahey, aka yi ta mamaki. A cikin tukunyar ƙarfe mai murfi yake gasawa. Mu kam mun daɗe da sanin tukunya mai kauri, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kamar yadda Buzaye suka daɗe suna gasa nasu burodin a cikin rairayi mai zafi da toka.

Matsalarmu ta gaskiya zafi ce. A watan Afrilu da Mayu ƙullu yakan tashi da gaggawa, ya yi tsami, ya faɗi. Maganin wannan shi ne ruwan randa mai sanyi da rage yis, kuma babu injin da zai lura da haka a madadin uwargida.

Ba mu ce a guje wa kowane inji ba. Matar da take yin fanke ko cincin ko gurasar sayarwa, tana kwaɓa tiya bayan tiya tun kafin asuba, inji zai hutar da kafaɗunta, ya kuma biya kuɗinsa. Sai dai ta nemi babba, irin na masu gidan burodi, domin ƙananan na gida ba su jure ƙullu mai tauri idan ya wuce kilo ɗaya ko makamancinsa. Ta kuma tambaya tun kafin ta biya: in ya lalace, wane ne zai gyara shi a garin nan?

Ga mai yin burodin iyalinta sau ɗaya ko biyu a sati, mu a ganinmu ƙaramin sikeli na awon gari, da rariya mai kyau, da tukunya mai nauyi sun wadatar. Tun da alkama ta yi tsada a shekarar 2022 saboda yaƙin Rasha da Yukiren, buhun fulawa ya fi inji amfani a ɗakin amarya, kuma mu shi muka fi son a kai wa ƴaƴanmu.