Ramin Ƙusa a Kofaton Duƙushi

Yanzu kuma doki ya dawo yayi. Samari sun koma kilisa, ana sayen duƙushi da kuɗin da a zamaninmu zai gina ɗaki uku, a ɗaure shi a turke, a yi ta ɗaukarsa hoto da waya. Amma ranar da ya ji ciwo, sai a ruga kemis a sayo ƙwayar mutane, a shafe raunin da baƙin mai na babur. Kai jama'a! Mai kuɗin sirdi da ado ya rasa kuɗin likita?

Mu da muka tashi a Tafoki mun san doki ba abin wasa ba ne. Katsina ce fa, ƙasar Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, wanda folo ya kai sunansa ƙasashen waje. Masu kula da barga na wancan lokaci hannunsu kaɗai ma'auni ne. Su shafa ƙafa su ce maka akwai zafi a nan. Ruwan gishiri, garin bagaruwa, man kaɗanya, da haƙuri. Ƙujewa da yankan fata na sama, wannan ya ishe su, har gobe kuwa. Kada ka ɗago likita daga Funtuwa saboda ƙarzuwar igiya.

Sai dai ba babban rauni kaɗai ke kashe duƙushi ba, har ƙarami mai zurfi. Wani maƙwabcinmu, Allah Ya jiƙansa, duƙushinsa ya taka ƙusa a bayan gari. Jini ko cokali bai cika ba. Aka zare, aka toshe ramin da kashin shanu, aka ce ya warke. Bayan kamar mako biyu sai wutsiya ta miƙe, kunnuwa suka tsaya cak, muƙamuƙi ya kulle, ga harawa a gabansa ya kasa ci. Tetanus ke nan. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma doki na cikin dabbobin da ta fi kamawa. Tsofaffin nan da na yaba, su ne suka toshe ramin.

To ku ji. In ya ƙi dafa ƙafa ƙasa sam, kira likita. In raunin na kusa da gwiwa ko wata gaɓa, musamman in wani ruwa mai yauƙi na fita, kira shi. In ka danne jini da tsumma mai tsabta ya ƙi tsayawa, ko ciwon a ido yake, kada ka jira gari ya waye. Yankan da ke buƙatar ɗinki, cikin awa 6 ya fi kamawa. Ɗan jinjirin da ya daina shan nonon goɗiya, gaɓa ta kumbura, zafin jiki ya haura digiri 39, wannan ba na gobe ba ne.

Za ku ce hanya babu tsaro. Na sani. A 2021 har layin waya aka yanke mana a Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni irin su Sheme. Shi ya sa allurar rigakafin tetanus ake yi tun doki na lafiya, ranar da hanya ta yi kyau. Wayar nan da kuke ɗaukar hoton kilisa, ku ɗauki raunin da ita ku tura wa likita. In abin ya gagara, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Ni dai abin da ke ci mini rai, yaran yanzu ba sa ɗaga kofato su duba. Ko ɗaya! Su hau, su yi sukuwa, su miƙa wa ƙane linzami. Wanda ba zai iya durƙusawa kullum da yamma ya duba ƙafafu huɗu ba, ya sayar da dokin ya sayi babur.