Karatun Jinya Daga SS1 Ake Fara Shi

Duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawa ya fito, iyaye kan zo wurinmu a ƙungiya da magana iri ɗaya: 'yarmu na son karatun jinya, a taimaka a yi mana hanya. Sai mun karɓi takarda mun duba, mu tarar yarinyar ajin adabi ko na kasuwanci ta yi shekara uku. A nan babu wanda zai iya komai, ko da kuwa muna da ɗan uwa a jami'ar.

Mu a Ketaren Gwari ba sai an gaya mana amfanin wannan karatu ba. Duk wanda ya taɓa kai matarsa haihuwa asibitin Jummai Babangida, ko ya kwana jinyar tsohuwa a Babban Asibitin Minna, ya san yadda hankali ke kwanciya idan aka samu nas mai jin harshen mara lafiya. Iyayenmu mata da yawa gara su ɓoye ciwo da su buɗe wa namiji baki.

Ranar da yaro ya shiga SS1 aka raba azuzuwa, ranar aka yanke maganar. Digirin jinya na buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Ba a cike gurbin ɗaya da Hausa ko addini, duk kyan makin. Mun lura fiziks ne ke yawan kayar da yaranmu, saboda wasu makarantun ba su da kayan gwaji, sai ranar jarrabawa yaro zai fara taɓa abin da ya daɗe yana gani a allo. Saboda haka kafin a biya kuɗin makaranta, uba ya taka da ƙafarsa ya ce a nuna masa ɗakin gwaje-gwaje, ya tambayi wane ne malamin fiziks. Abin kunya ne a ce hedikwatar NECO tana nan Minna tun 1999, amma mu maƙwabtanta ba mu san darussan da 'ya'yanmu suka cike ba.

Sai JAMB. Darussa huɗu ne, Turanci da waɗancan uku na kimiyya, maki 400, kuma a kwamfuta ake yi. Masu neman jinya a ABU Zariya, BUK Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, don haka makin da zai shigar da wani wani fannin ba lallai ya isa nan ba. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a kai ta ta saba tun tana SS2. A kuma yi mata lambar NIN da wuri, a tabbata suna da ranar haihuwa sun zo daidai da na makaranta, domin A'isha a nan, Aishatu a can, ya isa ya jawo zirga-zirgar watanni.

Digirin shekara biyar ne, da jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya da unguwar zoma ta ƙasa, sannan shekarar sanin makamar aiki a asibiti. A yi wannan lissafi da yarinyar, har da manemin aurenta in akwai, tun ba a sa rana ba. Wadda jami'a ba ta samu ba, makarantar jinya ta Bida na nan, kuma mu ba ma ganin hakan koma baya ne. Sai dai ita ma kiredit biyar ɗin nan take nema.

Iyayen da 'ya'yansu ke JSS3 ko SS1, maza da mata, su taho da takardar sakamakon zangon da ya wuce zuwa taronmu na wata mai zuwa. Mun roƙi 'yan uwanmu biyu da ke aikin jinya su zo su duba tare da mu, kuma sun amsa.