Saba Ɗaya, Shafuka Goma: Daga Nuremberg Zuwa Bakin Ruwan Warra

Kuɗi ne suka hana ni sukuni, kuma ba wasu masu yawa ba. A nan Nuremberg da ke kudancin Jamus, hayar ƙaramar saba ta wata guda ba ta kai euro biyar ba, abin da ko abincin rana a bakin tashar jirgin ƙasa ba zai saya maka ba. A kan irin wannan ƙaramar saba wani abokin aikina ya ɗora shafin ƙungiyar ƙwallon unguwarsu, da na shagon gyaran keken surukinsa, da na matarsa mai koyar da kiɗa, da wasu da shi kansa sai ya duba kafin ya tuna su. Kowanne da sunansa, kowanne da fuskarsa, amma inji ɗaya ne, lambar IP ɗaya ce, rasit ɗaya ne a ƙarshen wata.

Ana cikin haka ƙanena ya kira ni daga Yelwa. Shi ke kula da shafin wata Islamiyya a Warra, da na wasu dillalan busasshen kifi, da na wani mai sayen albasa da shinkafa daga ƙauyukan Shanga. Ya ce, "Yaya, duk ukun lokacin sabuntawarsu ya zo tare, kuma kowanne da nasa kuɗin." Uku ne, asusu uku, kuɗin shekara uku, kalmar sirri uku. Kowa ya san yadda muke yi a gida, ba sai na tsaya bayani ba: ka sayi kunshin shekara, ka shiga cPanel, ka danna WordPress, ka tura wa mai shafi adireshinsa ta WhatsApp. In wani ya zo, ka sake sayen wani kunshin. Na ji haushi ƙwarai, domin shafukan nan uku, in aka haɗa baƙin da ke shiga cikinsu a mako, ba za su sa ƙaramar sabar abokina ta ji an taɓa ta ba.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya tashi a babban gida. Zaure ɗaya ne, amma magidanta da yawa ne a ciki. Baƙo ya yi sallama, a tambaye shi wa yake nema, ya faɗi suna, yaro ya kai shi sashen da ya dace. Haka burauzarka take yi. Tana tambayar tsarin DNS lambar da ke bayan sunan da ka rubuta, ta je wannan lambar, sannan a cikin buƙatarta ta aika wani layi mai suna Host, wanda ke ɗauke da sunan shafin da kake so. Manhajar da ke kan saba, Apache ce ko Nginx, sai ta duba jerin sunayen da aka ba ta, ta buɗe foldar da ta yi daidai da wannan suna.

Ba sabon abu ba ne. Tun da aka fitar da ƙa'idar HTTP/1.1 a 1997 aka wajabta wa kowace burauza ta riƙa aika wannan layi. Kafin nan, kusan kowane shafi sai ya sami lambarsa shi kaɗai, alhali lambobin IPv4 duka duniya ba su wuce biliyan 4.3 ba. Babban rumbun da ake raba su ya ƙare a watan Fabrairun 2011, hukumar da ke raba wa Turai kuma ta sanar da ƙarewar nata a Nuwamban 2019. Yau lambar kanta haja ce. Kamfanin Amazon ya fara cajin kuɗi a kan kowace lamba a Fabrairun 2024, kamfanoni da yawa a nan Jamus ma suna rubuta kuɗin lamba daban da na inji. Don haka Bajamushe ba ya ganin tara shafuka a lamba ɗaya a matsayin wata dabara. Tattali ne kawai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kamfanonin da muke sayen kunshi a wurinsu a gida wannan hanyar suke bi. Suna zuba ɗaruruwan shafuka a inji ɗaya, su sayar mana ɗaya bayan ɗaya. Ba haramun suka yi ba, sana'arsu ce. Mu ne ba mu leƙa mun ga yadda ake yi ba.

Ga mai son gwadawa, ga yadda abokan aikina suke tsara abin a kan Ubuntu ko Debian. Da farko ka shiga wurin da ka sayi sunan kowane shafi, ka sa bayanin A ya nuna lambar sabarka. Kada ka manta da mai www a gaba, domin tsofaffinmu har yau da shi suke fara rubutu. Sannan ka yi wa kowane shafi foldarsa a ƙarƙashin /var/www. In Apache kake amfani da ita, ka buɗe wa kowanne fayil ɗinsa a /etc/apache2/sites-available, kada ka cusa su duka a fayil ɗaya. A ciki abubuwa uku ne ginshiƙi: ServerName, wato ainihin sunan shafin, ServerAlias, sauran sunayen da yake amsawa, da DocumentRoot, foldar da kayansa suke. Ka kunna shi da a2ensite. In ka ci karo da tsohon darasi da ke cewa ka rubuta NameVirtualHost, ka tsallake, tun Apache 2.4 ba a buƙatarsa. A Nginx kuwa kowane shafi yana da nasa sashen server, sunan yana zuwa a server_name, foldar a root.

Akwai ɗabi'a ɗaya da na ga ba sa wasa da ita: ba sa taɓa sake kunna manhaja sai sun gwada rubutun. A Apache apachectl configtest ne, a Nginx kuma nginx -t. Kuskuren harafi ɗaya a fayil ɗin shafi na bakwai zai iya hana manhajar tashi, ya tafi da sauran shidan. Bayan gwaji ma reload suke yi maimakon restart, don kada a katse wanda ke tsakiyar karatu. In kana son ganin shafi kafin ka juya masa DNS, ka rubuta sunan da lambar a fayil ɗin hosts na kwamfutarka, kai kaɗai za ka gan shi a sabon wurin.

Tarkon da ya fi kama sababbi shi ne baƙon da ya zo da sunan da ba a sani ba, ko ya rubuta lambar tsurarta. Apache ba ta korarsa. Tana miƙa masa shafin da ta fara lodawa, kuma tana bin fayilolin ne bisa jerin haruffa. Shi ya sa na asali ake kiransa 000-default. In ka goge shi, wata rana mai neman kifi zai buɗe waya ya tarar da jadawalin jarrabawar Islamiyya, kuma kai za a kira. Ka bar shafin farko fanko, ko a Nginx ka sa default_server a wani sashe da ba ya nuna komai. Umarnin apachectl -S zai jero maka wane suna ke zuwa wane fayil. Rabin rikicin wannan aiki a nan ake gano shi.

Duk da haka, da na sake tuna euro biyar ɗin nan sai zuciyata ta yi nauyi, domin na san abin da ke ƙarƙashin wannan arha. Wuta ce da ba ta ɗaukewa, da layukan gilashi da ke haɗuwa a Frankfurt, inda cibiyar DE-CIX take, ɗaya daga cikin manyan mahaɗar intanet a duniya. Ni kuwa a bakin Tafkin Kainji na girma. An kammala dam ɗin a 1968, an tsara shi ya ba da megawat 960, kuma ruwansa ne ya tashi garuruwan Gungawa da na sauran mutanen bakin kogi a ƙasar Yauri, aka sake musu matsuguni. Ruwanmu ne ke juya injinan, amma yaron da ke son ajiye saba a shagonsa a Warra sai ya fara lissafin fetur, batir da faranti na hasken rana kafin ya yi lissafin kwamfuta. Shawarata a nan ba ta da daɗi amma gaskiya ce: kada ka ajiye sabar mutane a ɗakinka. Ka yi haya a inda wuta ke zaune, kai kuma ka riƙa shiga ta SSH daga duk inda kake.

Maganar makulli kuma, wato HTTPS, a da ita ce babbar hujjar masu cewa kowane shafi sai da lambarsa, domin ana ɗaure hira kafin saba ta ga layin Host. An warware wannan da ƙarin da ake kira SNI, wanda aka tsara tun 2003: burauza tana faɗin sunan tun a gaisuwar farko, saba ta zaɓo satifiket ɗin da ya dace. Sannan Let's Encrypt ta buɗe wa kowa a ƙarshen 2015, tana ba da satifiket kyauta. Ka saka certbot, ya karanta sunayen da ke cikin fayilolinka, ya karɓo wa kowane shafi nasa. Wa'adinsa gajere ne, an daɗe ana ba da shi na kwana 90, don haka ka tabbatar sabuntawar kai tsaye tana aiki. Har yau akwai masu shaguna a Kebbi da ake karɓar musu kuɗin makulli daban, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

Sai dai tara shafuka wuri ɗaya yana da haɗarinsa. In duk suna gudana da asusun mai amfani ɗaya, wanda ya fasa ɗaya ya fasa duka. Tsohon ƙari na WordPress da aka manta ba a sabunta ba a shafin mai albasa zai iya buɗe hanyar zuwa bayanan ɗaliban makaranta. Ka ba kowane shafi nasa mai amfani, da nasa rukunin PHP-FPM, da nasa rumbun bayanai mai kalmar sirri daban. Ka raba musu fayilolin rahoto, don ka san wane ne ke cinye ƙarfin inji. Ka rufe duk ƙofofi in ban da 22, 80 da 443, ka hana shiga da kalmar sirri, ka yi amfani da makullin SSH. Ka riƙa kwashe kwafi kowane dare zuwa wani wuri dabam, ka kuma gwada dawo da shi lokaci zuwa lokaci. Imel kuwa, kada ka ɗora shi a nan. Kamfanoni da yawa suna toshe ƙofa ta 25 ga sababbin masu haya, kuma saƙonninka za su riƙa faɗawa kwandon shara.

A nan ne nake jin alfahari da gida. Wannan euro biyar inji kawai yake saya maka. In shafi ya faɗi da tsakar dare, babu wanda zai tambaye ka lafiya. Ka rubuta takardar koke, a amsa maka cewa injin yana aiki, sauran naka ne. Ƙanena kuwa ana kiransa bayan sallar Isha'i, ya hau babur ya je har gidan Alhaji mai shafi, ya nuna masa yadda zai sa sabon hoto, ya gyara wa yaran gidan waya, ya kuma yi haƙuri da kuɗinsa har a sayar da kaya. Abin da Alhaji yake biya ke nan, ba faifan ajiya ba. Kuma 'yan gida sun iya abin da na ga Jamusawa da yawa ba su damu da shi ba: rage nauyin hoto, cire kwalliyar banza, yin shafin da zai buɗe a waya mai arha a cikin kwalekwale, inda sabis ke zuwa yana tafiya. Wanda ya iya wannan ya riga ya iya rabin aikin, domin shafi marar nauyi shi ne ke barin ƙaramar saba ta ɗauki goma ba ta yi nishi ba.

Amma ina kishin tsarin Jamusawa. A nan shafin kasuwanci dole ya ɗauki Impressum, wato sashen da ke bayyana wanda ke da alhakinsa da inda za a same shi, kuma tun 2018 dokar GDPR ta sa kowa yana tunani kafin ya tara bayanan mutane. Mu ma muna da dokar kare bayanai ta 2023, don haka wanda ya riƙe sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu ya san amana ce ya ɗauka, ta addini da ta doka.

Tambayar da ta rage ita ce inda za a yi hayar. Ta Turai ta fi arha, amma da euro ake biya, kuma duk wanda ya sha wahalar katin naira a 2022, ko ya ga yadda canji ya tashi bayan Yunin 2023, ya san euro biyar a Yelwa ba euro biyar ba ce a Nuremberg. Ga kuma abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a ƙasashe da dama. Saba da ke Legas, wadda ke haɗe da mahaɗar IXPN, tana da fifiko a irin wannan rana, kuma da naira za ka biya. Ka tambayi kamfanin kai tsaye a wane gari injinsu yake, domin da yawa suna sayarwa da naira alhali injin yana Turai ko Amurka.

Abin da nake so in gani shi ne matasa uku ko huɗu daga Yelwa, Warra da Shanga su haɗa kuɗi su kama saba ɗaya, su rubuta yarjejeniya a takarda, mutum biyu aƙalla su riƙe makulli don kada tafiyar ɗaya ko rashin lafiyarsa ta rufe shafukan kowa. Su rage wa masu shafuka kuɗi, su riƙe ribarsu a kan kulawa. Sunan shafi kuwa, na .ng ne da NiRA ke kula da shi ko na .com, a yi rajistarsa da sunan mai shi da imel ɗinsa, ba na mai gyara ba. Saba haya ce, ana iya tashi daga wannan a koma waccan cikin yini guda. Suna shi ne mallakar makaranta da ta ɗan kasuwa, kuma duk wanda ya riƙe wa mutane shi da sunansa ya ci amanarsu, ko da bai yi niyya ba.